Inda Leda Ta Yi Mana Rana

Duk wanda ya ba shekara hamsin baya a ƙasar Hausa ya riski zamanin da ba a zuwa cefane hannu rabbana. Idan man gyaɗa aka aike ka saye, da kwalba za ka fita. Idan gero ne ko dawa, ka ɗauki ƙwarya ko kwano, in da yawa a ba ka tsohon zane ka ƙunso. Mahauci ya yanka maka nama ya naɗe a takardar buhun siminti, ko ya huda tsokar ya zura mata kaba ka riƙo tana reto. Mai ƙosai da mai tsire, tsohuwar jarida ce abin naɗinsu. Goro kuwa, da ya fi kowa gata, a cikin ganyen fita ake lulluɓe shi a yi huhu, kamar yadda fatake suka saba tun zamanin tafiyar ƙasa zuwa Gwanja, ana kwance shi lokaci-lokaci a tsince mai ƙwari a yayyafa wa sauran ruwa. Matafiyi na da gorarsa, makiyayi na da salkarsa, mai tallar nono ta rufe ƙwaryarta da faifai.

Duk waɗannan kayan, idan sun gama aiki ƙasa tana karɓarsu. Ganye akuya ta cinye, takarda ta ruɓe. Ƙwarya in ta tsage a ɗinke ta, in ta ƙi ɗinkuwa ta zama sakaina a ci gaba da kwasar toka da ita. Jujin birni ma dukiya ne. Mutanen ƙauyukan kewayen Kano sukan shigo da itace a kan jakuna, su koma da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi, su zube a gona tun da rani. Da wannan takin aka daɗe ana nome gonakin kewayen birnin duk shekara ba hutu, ƙasar kuma ba ta gaji ba.

Ina son wancan zamani, ina kuma kewarsa. Amma ba na yarda a ba da labarinsa rabi. Da damina sukari da gishiri sukan sha laima su dunƙule. Biredi in ya kwana cikin hunturu sai an tsoma shi a shayi kafin haƙori ya kama shi. Ƙuda yana kan nama da alewa daga safe har magariba, ƙurar hanya tana sauka a kan garin rogo da kuka da daddawa a buɗaɗɗen faranti. Gwangwanin madara ko na tumatir, idan aka huda shi a gidan da babu firiji, ko a ƙarar da shi a ranar ko jibi a tarar ya yi funfuna. A tasha mai ruwa moɗa ɗaya gare shi, da ita mai tari ke sha, da ita ake ba yaro. Ba mu lissafa wannan a cikin asara ba a lokacin, don ba mu san wata hanyar ba.

A 1933 ne wasu masu bincike a kamfanin ICI na Ingila suka ci karo da sinadarin da ake yin leda da shi, alhali ba shi suke nema ba. Jaka mai hannu irin wadda muka sani kuwa, wani injiniya ɗan Suwidin, Sten Gustaf Thulin, ya tsara ta, aka yi mata rajista a 1965. Kafin ta zama ruwan dare a kasuwanninmu an shiga shekarun 1980. Da farko abar marmari ce. Mata na wanke ta su shanya a igiya, in ta bushe su linke su sa ƙarƙashin katifa, don ba a san ranar da za a sami wata ba.

Amfaninta ga abinci ba ɓoyayye ba ne. Tana hana laima shiga busasshen abu, tana hana ɗanyen abu bushewa, kuma duk abin da ke yawo a iska, ƙura ce ko ƙuda, a bayanta yake tsayawa. Ga ta ba nauyi, ba ta fashewa in ta faɗi, ba ta tsatsa. Amma abin da ya kafa ta a gidajenmu talauci ne. Bayan tsuke bakin aljihun da aka shiga daga 1986, Naira ta faɗi, gwangwanin madara ya fi ƙarfin ma'aikaci balle ɗan dako. A 1993 madarar Cowbell ta shigo kasuwar Najeriya a cikin 'yan ƙananan ƙunshi, daidai kofin shayi ɗaya. Ba a jima ba komai ya bi sahu: tumatir, bota, man girki, garin sabulu, kayan ɗanɗano. Magidancin da ke hannu baka hannu ƙwarya ya sami damar sayen daidai abin da za a ci yau, ba ya buɗe abin da zai lalace kafin gobe. In aka auna da mudu, ya fi mai sayen babban gwangwani biya da tsada, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Sai dai a da ko ɗanɗano 'ya'yansa ba sa yi.

Haka ruwan leda. Waɗanda suka yi wayo kafin fiya wata za su tuna ruwan sanyin da ake ƙullawa a gida, mai ƙullin ta hura ledar da baki don ta buɗe sannan ta zuba ruwan da kofi. A shekarun 1990 injin liƙe leda ya maye gurbin wannan, daga baya hukumar NAFDAC, musamman zamanin Dora Akunyili da ya fara a 2001, ta matsa a kan kowane mai yin ruwa ya yi rajista. Ba duk ruwan leda ne mai tsabta ba, har yau. Amma moɗar tasha ta tafi, kuma ban ga mai hankalin da zai nemi ta dawo ba.

Duk da haka, idan aka ce in nuna wuri guda da leda ta yi mana ranar da babu tamkarta, ba kanti zan nufa ba. Ɗakin ajiyar wake zan shiga.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, Nijar na biye da ita, kuma mafi yawansa daga gonakin Arewa da na kudancin Nijar yake fitowa. Shi ne naman wanda ba shi da kuɗin nama. Ƙosai, alala, ɗanwake, garau-garau, duk shi ne. A gidaje da yawa wake jarin mata ne, da shi ake yi wa 'ya kayan ɗaki, da shi ake biyan kuɗin makaranta. Sai dai yana da maƙiyin da ke biyo shi tun daga gona. Macen ƙwaron wake tana liƙa ƙwanta a jikin kwanso tun kafin a roro. Tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige cikin ƙwayar, ta zauna tana ci daga ciki. Manomi ya sussuka, ya sheƙe, ya auna, a ido wake garau, alhali da baƙo a ciki. Cikin kamar wata guda tsutsar ta zama ƙwaro, ta fito ta wani ɗan zagayayyen rami, a yi barbara, kowace mace ta zuba ƙwai gommai a kan sauran ƙwayoyin. Daga nan lissafin ya fi ƙarfin manomi. Wanda ya taɓa kwance buhun da ya yi wata huɗu ko biyar ba magani ya san abin da nake nufi. Ka zura hannu ka ji ɗumi kamar an kunna wuta a ƙasa, wani wari mai hawa kai ya buge ka, ƙwari su taso maka a fuska, kowace ƙwaya da huji biyu ko uku, gindin buhun kuwa gari ne zalla. Mai ƙosai ba za ta saya ba, in an shuka ma ba lalle ya tsiro ba.

Iyayenmu ba su zauna sun naɗe hannu ba. Suna cuɗa wake da toka ko yashi mai laushi, suna barbaɗa barkono, suna sa ganyen darbejiya, wasu su bar shi cikin kwansonsa a rumbu sai ranar buƙata. Toka tana aiki ƙwarai, amma sai an zuba kusan kwatankwacin yawan waken, abin da ya yi wa mai tiya biyar daidai, bai yi wa mai buhu goma ba. Durom na ƙarfe da aka toshe bakinsa shi ma yana aiki, ga mai halin sayensa. Saboda haka mafi yawan manoma hanya biyu ta rage musu. Ta farko su kwashi waken su kai kasuwa tun da kaka, lokacin da kowa ya kawo nasa, farashi yana ƙasa warwas, sannan da bazara su dawo su sayi abin shuka da na ci a hannun wanda ya saya musu, da tsadar da ba su taɓa gani a nasu aljihun ba. Ta biyu su sa magani.

A nan ne muka cuci kanmu. An yi zamanin gamalin. Aka zo zamanin ƙwayar da ake kira bom, wadda ake ƙunshewa a tsumma a tura tsakiyar buhu, hayaƙinta mai kisa yana tsiyayowa ta saƙar buhun, wani lokaci a ɗakin da yara ke kwana. Aka zo kan fiya-fiya da Sniper, magungunan da aka yi don feshi, ana kwarara su a kan abin da mutum zai ci, a juya da shebur a ɗinke buhu. Mai sa maganin ba mugu ba ne, dukiyarsa yake karewa, kuma sau da yawa bai iya karanta abin da ke rubuce a jikin kwalbar ba. Amma guba ba ruwanta da niyya. A 2008 an kwashi 'yan mata sama da 100 daga wata makarantar kwana a jihar Gombe zuwa asibiti bayan sun ci wake, kuma a shekarar an yi asarar rayuka a irin wannan a jihar Kuros Riba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, domin ragowar maganin ƙwarin da ake samu a jikinsa ya wuce ƙa'idarsu, a wasu lodin ma ya ninka ta sau ɗaruruwa. An yi ta kukan asarar kuɗin shiga. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Su suna da ɗakin gwaji a bakin tashar jirgin ruwa, sun gwada sun mayar. Baiwar Allah mai suyar ƙosai a bakin titi ba ta da inda za ta gwada, yaran da ke layi da safe da kuɗinsu a hannu su ma haka.

Maganin wannan musiba ya fito ne daga wata dabara da ba ta da ko ɗigon sinadari. A ƙarshen shekarun 1980 masu binciken ƙwari na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, tare da takwarorinsu na Kamaru a Marwa, suka gwada zuba wake a cikin leda mai kauri, a saka ta cikin wata, a sake sakawa cikin ta uku, kowacce a ɗaure ta tam. Dabarar ta yi aiki, amma ta daɗe ba ta yaɗu ba, don babu mai yin ledar da ta dace balle mai kai ta ƙauye. Sai a 2007, da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates, aka fito da ita a matsayin kayan sayarwa mai suna buhun PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa na roba a waje, mai cin kilo 50 ko 100. Cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi da cibiyar IITA a Najeriya suna cikin waɗanda suka riƙe aikin, kuma a Kano kamfanin Lela Agro ya shiga ƙera buhunan.

Ɗaurin yana da ƙa'ida, kuma a wurin ɗaurin ake gane wanda aka koya wa da wanda ya ji labari. Sai wake ya bushe ƙayau, in ka ciza ya ce ƙas. A buɗe kowace leda ta kamo iska, a riƙe bakinta a matsa, a saurara ko tana tsiyaya. A zuba ɗan wake a ta farko don ta zauna da gindinta, a zura ta cikin ta biyu, a zura su duka cikin buhun waje. Ana cikawa ana jijjigawa don kada a bar kogo. Ba a cikawa har baki, ana barin wuya. Sannan a tattaro bakin ledar ciki, a matse iskar da ta rage, a murɗa shi sosai, a lanƙwaso shi gida biyu a ɗaure da igiya ko tsinken robar taya. Ta biyu ma a yi mata nata ɗaurin daban, buhun waje nasa daban. A ɗora a kan katako, nesa da bango saboda ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiba.

Abin da ke faruwa a ciki ya cancanci a tsaya a kansa. Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. Ƙwarin da aka rufe tare da waken suna numfashi, tsutsotsin cikin ƙwaya ma haka, don haka da kansu suke cinye ɗan abin da aka bar musu. Cikin 'yan kwanaki oksijin ya yi ƙasa sosai, su daina ci, su daina girma, su daina haihuwa. Sannan akwai abin da binciken Murdock da abokan aikinsa ya bayyana daga baya. Ƙwaron da ke zaune cikin busasshen wake ba shi da inda zai sha ruwa, mafi yawan ruwan jikinsa daga narkar da abinci yake samunsa, narkarwar kuma ba ta yiwuwa sai da oksijin. Idan iska ta yanke, ruwa ya yanke. Ƙishirwa ce take ƙarasa shi. Waken kuwa da yake busasshe ne numfashinsa kaɗan ne, yana nan yadda aka zuba shi, in an shuka ya tsiro.

Manomi ba ya sayen magana, kuma yana da hujja, don an sha yi masa romon baka. Masu aikin sun gane haka. Da kaka malamin gona zai je gari, a taru a ƙofar mai gari, mutanen garin su kawo waken kansu a zuba a ɗaure a gaban kowa, kowa ya koma da buhunsa ɗakinsa. Bayan wata huɗu zuwa shida a sake taruwa a kwance. Tambayar da aka fi yi kafin a buɗe ita ce, "Malam, tsakaninka da Allah babu magani a jikin ledar nan?" In aka kwance, dattijo ya zura hannu har gwiwar hannu ya damƙo daga ƙasa, ya baza a tafi, ya shinshina, ya miƙa wa na kusa da shi. Gani ya kori ji. An yi irin wannan taro a garuruwa sama da 30,000 a ƙasashe 10 na yammaci da tsakiyar Afirka cikin shekarun farko na shirin, har da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi. Daga baya aka tabbatar buhun yana riƙe masara da dawa da gurjiya. In an kiyaye shi daga ɓera da tsini, yana yin kaka uku ko fiye.

Ku duba abin da 'yar wannan ledar ta canza. Matar da ke da buhu biyu ba dole ta sayar ranar da dillali ya ga dama ba, tana iya jira har farashi ya tashi. Iri yana kaiwa damina. Yaro yana cin alalar da ba a jiƙa wakenta da guba ba. Ledar da ba ta kai nauyin kwanon wake ɗaya ba ta tsare kilo 100, wato gumin manomi na damina guda, da takin da aka zuba, da ranakun da aka yi ana roro a tsugune. Duk mai son ya yi wa leda hukunci, ya sa wannan a kan sikeli.

Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya ba ya shiga cikin kowa, kimanin tan biliyan 1.3 a shekara. A ƙasashen masu arziki yawancinsa a kanti da kan teburi ake zubar da shi. A wurinmu ba ya ma isowa tukunya, tsakanin gona da kasuwa yake hallaka. Tumatir shi ne shaida. Je ka Kwanar Gafan ko Kadawa a jihar Kano lokacin da kayan rani suka nuna, ka ga yadda ake loda kwanduna a babbar mota, wani kan wani, za a yi tafiyar kilomita kusan 1,000 zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Kwandon ƙasa shi ke ɗauke da nauyin na sama, tsinken saƙar yana soke 'ya'yan da ke gefe, zafi yana dafa na tsakiya. Tun kafin a wuce Zariya ruwan tumatir ya fara ɗiga daga bayan motar. Ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a ƙasar nan yana lalacewa. Akwai akwatin roba mai huji-huji da aka yi don wannan aiki, wanda in an jera shi kusurwoyinsa ne ke ɗaukar nauyi, iska tana ratsa kayan, ana wanke shi, yana shekaru. Inda aka gwada shi asarar hanya ta ragu ƙwarai. Amma har yau kwando ne ke mulki, saboda akwatin yana son kuɗi a dunƙule, yana son a dawo da shi fanko daga Legas, kuma cinikin gwari gaba ɗayansa da kwando aka saba yinsa, daga dillali har ɗan dako har masaƙin kwandon da shi ma abincinsa ke nan.

To, a nan ne takaicina yake. Inda roba za ta ceci abinci, a gona da rumbu da bayan mota, can ne muka fi ƙarancinta. Inda ba ta ceton komai kuwa mun zuba ta ba awo. Ka sayi albasa uku a ba ka a baƙar leda, albasar da Allah ya riga ya yi mata riga. Ka sayi biredin da ke cikin ledarsa a sake saka maka shi a wata. Lemo, rake, ƙwai, ashana, kowanne da tasa. Aikinta minti goma ne, daga bakin titi zuwa gida, sannan ta shiga juji ta yi shekarun da mai sayen ba zai gani ba. Tuwo ma yanzu a leda ake malmala shi da zafinsa, alala a leda ake dafa ta, koko da kunu a leda ake ƙulla su suna tururi, alhali ba don zafi aka yi ta ba, baƙar kuma sau da yawa daga narkakkiyar tsohuwar roba ake yin ta. Kwanon sha da langa da akushi suna nan, ba su yi mana laifin komai ba. Wanke-wanke muke gudu.

Sakamakon yana gaban kowa. Takin birnin nan da ake rububinsa a da, yau manomi sai ya sa yara sun tsince leda kafin ya baza, abin da ya kuɓuce musu kuma garma ta binne shi, ya hana ruwa ratsa ƙasa, ya tare saiwa. Tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa in ya farke tumbin saniya ko tunkiyar da ta yi kiwon gari: dunƙulen leda a murɗe, baƙi ƙirin, mai tauri, wani sai an sa hannu biyu. Dabbar tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani bai san cikinta a cike yake da abin da ba ya narkewa ba. Kwatoci da kwalbatoci sun toshe, ruwan sama na awa guda ya shiga ɗakunan mutane, sauro ya samu wurin zama. Wanda ya bi ta gefen rafin Jakara a Kano ya ga abin da idonsa. Sannan ga mata da ke hura gawayi da leda kowace safiya, suna shaƙar baƙin hayaƙin da goyo a bayansu.

Ƙasashe da dama sun ɗauki matakin hani. Bangaladash ta fara a 2002 bayan an gano leda ce ta toshe magudanan ruwa lokacin ambaliya. Ruwanda ta bi a 2008, Kenya a 2017 da hukunci mai tsanani. Nijar ta yi dokarta a 2014, amma wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko Damagaram ya san dokar tana takarda, leda tana hannun mutane. Legas ta hana kwanon abinci na soso a farkon 2024. Ina goyon bayan a taka wa siririyar ledar cefane birki, kuma ba na jin za mu rasa komai in mun koma fita da jaka ko kwando kamar yadda iyayenmu suka yi. Abin da nake tsoro shi ne doka mai kuɗin goro, wadda za ta haɗa ledar albasa da ledar buhun wake ta yi musu suna ɗaya, ko ta ɗora wa kayan ƙera su haraji ɗaya. Mai rubuta doka ya kamata ya tambayi kowace roba abu biyu: me ta tsare, kuma kwana nawa ta yi tana aiki. Ledar ruwa da ta madara suna tsakiya, ba za a iya hana su yau ba tare da an ba mutane famfo mai ruwa da wutar da za ta riƙe firiji ba, amma ana iya tilasta wa masu yin su su sayi fankon daga hannun 'yan jari bola, yadda ake sayen ƙarfe da gorar roba. Abin da ke da kuɗi ba ya kwana a juji, yaran nan sun riga sun nuna mana haka.

A ɓangaren wake kuma aikin bai ƙare ba. Jabun buhu mai siririyar leda ya shigo kasuwa, wanda ya saya ya yi asara sai ya ce dabarar ce ƙarya. Manyan 'yan kasuwar hatsi masu ajiye ɗaruruwan buhuna, irin na kasuwar Dawanau ta Kano, da yawansu suna ganin magani ya fi musu arha da sauri a kan ɗaure baki uku-uku, kuma wakensu ne ke cika kasuwannin birni. Mai shago a ƙauye ba ya son sa jarinsa a kayan da ake nema wata biyu kawai a shekara, don haka lokacin da manomi ya gama sussuka yana neman buhun, sai a ce masa sai birni. Kwalbar fiya-fiya kuwa tana nan a kan teburin mai shagon, rani da damina, a kuɗin da bai kai na buhun ba. Ƙungiyoyin manoma da hukumomin gona na jihohi suna iya toshe wannan giɓin da abin da bai kai kuɗin taron bita guda ba: a kai buhunan gaske kasuwannin ƙauye tun kafin a fara roro, a ba masu shago bashi su biya bayan kaka, a sa malamin gona ya tsaya ranar kasuwa ya nuna ɗaurin.